Wutar Gidan Vondrak

Masu kai itace ne suka tsinci gawar Teodor Vondrak da sassafe, a mararrabar da muke kafa allunan matattu. A zaune yake, ya jingina da allon kakan-kakansa, ƙafafu a miƙe kamar wanda tafiya ta gajiyar. Idanunsa a buɗe, sanyi ya daskarar da su, ƙeyarsa kuwa a fashe. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi sai da aka kirawo yayana Kilian, mai gadin daji.

A wurinmu in mutum ya mutu, a kan allo ake shimfiɗe shi har ranar binnewa, sannan a rubuta sunansa a jiki a kafa a bakin hanya. Ran da allon ya ruɓe, ran nan mamacin ya sami sakewa, shi ya sa masu hankali suke zaɓar itace mai laushi. Amma tsoho Vondrak, wanda ya fara kunna tanderun gilashi a garinmu Jedlina, 'ya'yansa don burga suka yi masa allo da itacen da ya fi kowanne tauri. Allunan jikokinsa sun zama ƙasa, nasa yana nan a tsaye. Kowa ya san tsohon bai tafi ko'ina ba, kuma ba mai bin hanyar nan shi kaɗai in rana ta faɗi.

Kafin hantsi tsofaffin mata sun gama yanke hukunci. Suka ce tsohon ne ya kira jikansa ya ba da bayani. Don kuwa Teodor, tun da ya dawo daga karatu a birni, ba shi da zance sai na injin da ke matse gilashi a cikin ƙarfe ya fito da tambulan ba tare da an busa ba. Ya ce za a rushe tsohon tanderu, a sallami mabusa gilashi. Wutar nan kuwa tun ran da aka kunna ta ba ta taɓa mutuwa ba. Ko gyaran tanderu za a yi, sai a ɗebe garwashi a killace, a kunna sabon ginin da shi.

*

A kan ƙyaure aka ɗauko shi aka kai ɗakin ajiya, don nan ne ya fi ko'ina sanyi a masana'antar. A nan nake aiki, ina naɗe tambulan da kwanoni cikin busasshiyar ciyawa kafin a sa su a akwati. Ɗaki ne dogo, kanta a kan kanta har rufi, kuma in sanyi ya tsananta gilasan sukan yi wani siririn ƙara su kaɗai, ba mai taɓa su. Ran nan tun da aka shigo da gawar ba su yi shiru ba.

Uwargida Amalie, mahaifiyarsa, ita ce mai masana'antar tun rasuwar mijinta, kuma Teodor ne kaɗai ɗanta. Ta sauko daga gidansu na kan tudu cikin baƙaƙen kaya, ta daɗe tana kallonsa, ko ɗigon hawaye babu. Sannan ta ɗora tafinta a ƙirjinsa ta juyo gare mu.

"Ku ji ni da kyau, don ba zan maimaita ba. In baƙo ne ya yi wannan, hukuma ta rataye shi, ku ci gaba da aikinku. In kuwa hannun da ya ci abinci daga tanderun nan ne, na rantse a kan gawar nan zan kashe wutar, kowa ya kama gabansa." Ta dubi yayana. "Kilian, ƙanƙara ta toshe hanya, 'yan sanda ba za su iso ba sai an buɗe. Kafin su zo ina son suna."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi.

Jedlina ba ta da gonar kirki, ba ta da kasuwa. Wutar nan ce garin. Ban taɓa ganin mutane sun ƙagu su sami baƙo kamar ran nan ba, kuma ba su sha wahalar nema ba. Dusar ƙanƙara ta tsaya kafin asuba, saboda haka sawu ya fito fes, daga ƙofar tanderu zuwa allunan, ya kuma dawo. Takalmi ɗaya mai kaurin ƙasa, ƙafar tana ja, ga ramin sanda a gefe. Gurgu ɗaya ne mai sanda a garin, Imrich, wani mutumin ƙasar Slobak mai yawo gari-gari yana ɗaure fasassun tukwane da waya. Tun zamanin tsoho Vondrak ba a hana matafiyi kwana a gefen tanderu da hunturu, a nan yake kwana. Kuma jiya-jiyan nan Teodor ya shure shi a gaban jama'a, ya ce wannan al'ada ta 'yan zaman banza ta ƙare.

"Sawu ya nuna, dalili ya nuna, me kuma ake jira?" in ji mijina Vendelin, wanda shi ma mabushi ne. Aka ja Imrich aka kulle a ɗakin toka.

Kilian kuwa sawun ya koma dubawa. Mahaifinmu mabushi ne, kakanmu ma haka, amma shi Kilian ƙirjinsa ba ƙarfi, sai aka tura shi daji tun yana saurayi. Can ya koyo bin sawu, da kuma wani jinkirin magana da ke sa mutum ya ji kamar ya girgiza shi. Ya sa aka jera rassa a gefen sawun daga farko har ƙarshe, ya ce duk wanda ya taka, da shi ne.

*

Ya ce in ɗauki miya mu kai wa fursunan, tun da ba wata mace da za ta yarda. Na ɗauka ina ƙunƙuni. Muka tarar da Imrich a tsugune cikin toka, leɓensa a fashe, yana rawar sanyi.

"Yallaɓai, na rantse da Maryamu Mai Tsarki, barci na yi irin na matacce. Na cire takalmana na ajiye kusa da wuta su bushe, na jingine sandata, da na farka suna nan inda na bar su."

"A bushe?" in ji Kilian.

Imrich ya dubi ƙafafunsa. "A jiƙe. Na ce ko raɓa ce."

"Raɓa a bakin tanderu!" na ce. "Kai, ko ƙaryar ma ba ka iya ba."

"Rozi, ba shi miyarsa. Wa ya ba ka barasa jiya?"

"Kowa ya ɗan tsiyaya mini, don sun ga abin da mai gidan ya yi mini. Mutanen kirki ne, yallaɓai, ban san abin da ya same su yau ba." Ya kurɓi miya, ya rage murya. "Amma akwai abu ɗaya. Cikin barci na ji wani a tsaye a kaina, yana numfashi kamar zugazugi. An gaya mini tsohon mai wurin nan yakan zagayo ya duba wutarsa, sai na ja buhu na rufe kaina. Ni ba na shiga sha'anin matattun wani gari."

Kilian kuwa sandar ya ɗauka yana dubawa. Gindinta ya taɓa tsagewa, Imrich ya ɗaure shi da waya irin ta sana'arsa, bakin wayar ya ɗan fito gefe kamar ƙaya. Ya saƙale ta a hammata ya fita, ya je ya tambayi mai iza wuta. Shi kuwa ya ce yana can ƙasa a raminsa yana tura itace, ba ya ganin abin da ke sama, kuma da rurin wutar nan ko bindiga aka harba ba zai ji ba.

*

Da rana sai ga Kilian a gidana, ya zauna a tebur ba wanda ya gayyace shi. Na san da asuba na laluba gefen Vendelin na ji wayam, na san ya shigo wandonsa a jiƙe har gwiwa, kuma duk gari sun ji shi a mashaya yana cewa a kan Teodor zai fasa injin nan in ya zo. Na zuba musu dankali da miyar kabeji.

"Suruki, ina ka je da asuba?"

"Bayan gida."

"Bayan gidan naku ƙanƙara ta kai gwiwa a ciki?"

"Kai ɗan sanda ne yanzu? Jiya-jiya kana ƙirga kashin barewa."

"Maƙwabciyarku ta gan ka."

"Wannan matar ko kaza ta yi tari sai ta gani."

Kilian ya sa hannu a aljihu ya fito da wata zarge ta waya ya ajiye kusa da kwanon miya. "Zomon da ka je ɗauka, dila ya riga ka. Na bi sawunka har gindin dutse, can gabas, ba abin da ya haɗa ka da allunan. Shekara da shekaru ina kwance tarkunanka a dajin da aka hana farauta, don kada ƙanwata ta zama matar ɗan kurkuku."

Vendelin ya saki baki. "Ashe kai ne! Ni kuwa ina ta tsine wa dila!"

Na yi dariya har da hawaye, don ajiyar zuciya ce ta zo mini a haka. Amma da na dubi yayana sai na ga ba ya dariya. Hannun Vendelin yake kallo. Mijin nawa yana ta surutu, cokali yana tsakanin yatsunsa yana juyawa, yana juyawa, shi bai ma sani ba.

*

Duk da makoki, aiki bai tsaya ba, don narkakken gilashi ba ya jira a cikin tukunya. Kilian ya ce in raka shi wurin Baba Florian. Shi ne babban mabusa, shi ya koya wa mahaifinmu aiki, shi ya riƙe Kilian ranar da aka yi masa baftisma. Tun kafin a haife mu wata tukunya ta fashe ta ƙone masa hannun dama, yatsun suka manne, sai ya koma aiki da hagu, kuma da hagun nan ba wanda ya kamo shi.

Muka tarar ya ɗebo gilashi a bakin bututu, ja wur kamar zuma mai wuta. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka busawar ce wuya. Juyawar ce. In ka daina juya bututu ko na ƙiftawar ido, gilashin ya zubo ƙasa, saboda haka abin da ake fara koya wa mutum ke nan, da duka in ta kama. Baba Florian ya busa, ya juya, ya miƙa wa mataimakinsa, sannan ya share gumi ya dube mu.

"Ɗana, na ji kana ta zagaye gari kana tambaye-tambaye. Ba an kama mutumin ba?"

"An kama wani mutum, Baba."

"To, ka bar shi haka. Mai yawo ba shi da kowa. Mu nan akwai yara, akwai tsofaffi, akwai ƙanwarka ga ta tsaye."

"Wuya ɗaya gare shi kamar kowa, Baba."

Tsohon ya juya ya kalli bakin tanderu, hasken ya cika masa ido. "Kai daji ka sani, ba ka san wannan ba. Kakana ya tsaya a nan inda nake tsaye. Lokacin yaƙi, da aka kwashe maza, mata ne suka riƙa iza ta da kujerun gidajensu. Shekarar yunwa mun ci ɓawon itace, ita ba ta kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Rai gare ta, Kilian. In wuri ya yi tsit nakan ji tana kiran sunayen waɗanda suka mutu a bakinta, ɗaya bayan ɗaya, kwanan nan kuma har da nawa." Ya yi wani dogon tari, ƙirjinsa yana fito, irin na duk wanda ya tsufa a kan bututu. "Je ka, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Kada ka tona abin da zai binne mu."

Da muka fito na ce, "Ka ji dai maganar manya."

*

Da la'asar Kilian ya kai ni mararraba. Rana ta yi ƙasa, inuwar allunan ta miƙe a kan ƙanƙara, dogaye, kamar mutane a layi. Wurin da Teodor ya zauna ya bar kwarmi, da jini da ya daskare ya yi baƙi. Ba iska, amma allon tsoho Vondrak yana ɗan yin ƙara daga gindi. Na ƙi juya masa baya.

Kilian ya kwanta rub da ciki a gefen sawun. "Rozi, sunkuyo. Bar kallon takalmin, kowa shi ya kalla. Dubi ramin sandar."

Na durƙusa. A bakin kowane rami akwai wani ɗan zane mai lanƙwasa, siriri, inda bakin wayar nan ya karci ƙanƙara. Na bi na gaba, haka. Na gabansa ma haka, har iyakar ganina.

"Yanzu zo." Ya ja ni zuwa rumfar itace, inda rufi ya kare ƙasa, sawun Imrich na ranar da ya shigo gari yana nan bai rufe ba. Ramukan sandar a tsaye suke cak, wayar ta bar ɗigo ɗaya kawai, ba zane.

"Gurgu nauyinsa yake ɗora wa sanda," in ji Kilian. "Ya kafa, ya dogara, ya cire. Wanda ya je wurin allunan kuwa, duk taku sai ya murza ta."

Bai ƙara ba, kuma ban buƙaci ƙari ba. Ni 'yar mabushi ce, matar mabushi. Mahaifinmu ko tsintsiya ya riƙe sai ya juya ta. Vendelin a coci kyandir yake juyawa har kakin ya ɗiga wa na kusa da shi. Na zauna a kan itace.

"Yaya, ka goge shi."

"Rozi."

"Ƙafa ɗaya za ka sa ka bi layin nan, shi ke nan. Ko ka bari, gobe rana ta fito ta yi maka aikin. Wa ya gani?"

"Ni na gani."

"Kai kaɗai!"

"Ke ma yanzu kin gani."

"Shi ya sa ka kawo ni, mugu? Don ka rataya mini? Kai ba mata, ba ɗa, in wuta ta mutu barewarka tana nan. Mu ina za mu? Yarana uku su ci me, sawu?"

"Na kawo ki ne ko za ki ce mini idona ne ya yi ƙarya," in ji shi, muryarsa tana rawa. Tun muna yara ban taɓa jin muryarsa ta yi haka ba.

Na so in ce masa ƙarya ne, Allah ya sani na so, amma bakina ya ƙi. Na tashi na bar shi a nan. Da na waiga daga nesa, na gan shi ya koma mararraba, ya durƙusa a gaban allunan yana yankar ƙanƙara da wuƙa.

*

Washegari da safe labari ya zo cewa masu share hanya sun kusa, 'yan sanda za su iso kafin yamma. Kilian ya roƙi Uwargida ta tara mabusa duka a ɗakin ajiya, a kawo Imrich. Mu mata muka cika bakin ƙofa. Gawar tana kan allonta, kyandir biyu a kanta, kuma kowane tambulan a kan kantocin nan ya ɗauki hasken, har ɗakin ya zama kamar idanu ne suka kewaye mu. Yayana ya sa an baza farin rairayin da ake narkawa, an yayyafa masa ruwa, tun daga ƙofa har ƙafar gawar.

"Ranki ya daɗe, so nake in ga ko mai lafiyayyun ƙafafu zai iya kwaikwayon tafiyar gurgu. Kowa zai sa takalman nan, ya riƙe sandar, ya taka zuwa can."

"Wasan yara za mu yi a gaban gawa?" in ji wani.

"Ku yi abin da ya ce," in ji Uwargida.

Imrich ya fara, yana tafe yana addu'a da harshensu. Sai Vendelin. "Suruki, in na faɗi na karye, kai za ka ciyar da gidana," ya ce, amma ba wanda ya yi dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka bi, kowa idonsa a kan ƙafafunsa, kowa yana ɓata ɗingishin da gangan don kada sawunsa ya yi kama da na mararraba. Wani ya ja ƙafar da ba ita ba, wani ya yi tsalle kamar kwaɗo. Ba wanda ya tuna da hannunsa. Ni da na san abin da ake nema, ina ganin sandar tana murzawa a hannun kowannensu, na ji kamar in yi ihu.

Saura mutum ɗaya. Kilian ya ɗauki sandar da hannu biyu ya miƙa. "Baba, kai ma."

"Ni ma, ɗana?"

"Kai ma, Baba."

Baba Florian bai sa takalman ba, bai yi ɗingishi ba. Ya karɓi sandar da hagunsa ya taka a miƙe, kansa a sama, har gaban gawar, ya tsaya.

Kilian ya fita ya dawo da wani faffaɗan katako, a kansa guntun ƙanƙarar da ya yanko daga mararraba, da ramukan sanda a jiki. Ya ajiye a ƙasa kusa da rairayin.

"Ranki ya daɗe, ga na Imrich, ɗigo ne kawai, ba ya murza sanda. Ga na mabusa, kowanne da zanensa, don hannunsu ba ya iya riƙe abu bai juya ba. Duka nasu dama suka lanƙwasa." "Na mararraba hagu ya yi. A rairayin nan layi ɗaya ne ya yi hagu."

Ba wanda ya dubi rairayin. Kowa Baba Florian yake kallo, don yana tsaye a gaban gawar, sandar tana ta juyawa a hannunsa, bakin wayar yana karta ƙasa, ƙir, ƙir, ƙir. Ya sunkuya ya dubi hannun kamar na wani ne. Na ga ya yi ƙoƙarin tsayar da shi, yatsun suka ƙi. Sai da ya buɗe tafin gaba ɗaya sandar ta faɗi, gilasan kan kanta suka amsa.

"Tun ina ɗan shekara tara ake dukana don in koyi wannan," ya ce a hankali. "Ashe shi zai ba da ni."

"Kai, Florian?" in ji Uwargida.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Zai kashe ta. Na roƙe shi, ya ce zamani ya wuce ni. Na san hanyar da yake bi, na jira shi a bayan allunan da guntun ƙarfe. Na jingina shi da kakansa don ya yi masa bayani da bakinsa." Ya juya wajen Imrich. "Kai kuwa bawan Allah, na auna ka da gari guda, na ga ba ka kai ba. Ba zan ce maka na yi daidai ba."

Imrich ya ja da baya har ya bugi bango. "Kai ne ka fi kowa tsiyaya mini," ya ce. "Har ka lulluɓe ni da buhu."

Uwargida ta miƙe. Sai a lokacin na ga tsufanta. "Da yamma, kafin ya mutu, na gaya wa ɗana muddin ina numfashi inji ba zai shigo wurin nan ba. Ya yi fushi, ya kwana, ya huce. Sammakon da ya yi, wurinka zai zo, Florian. Ya ce kai ya kamata ka fara ji, tun da kai ka fara ɗora masa hannu a kan bututu."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin tsohon, ba kuka ba, ba tari ba. Ya durƙushe a kan rairayin. Kilian ne ya tare shi kada kansa ya bugi allon.

Mu mata muka zube a ƙasa. "Ranki ya daɗe, mutum ɗaya ne! Ki dubi yaranmu!" Vendelin, da bai taɓa roƙon kowa ba, ya cire hularsa yana murzawa yana kuka. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka kulle gurgu a ɗakin toka suna murna.

"A kan gawarsa na rantse," ta ce. "A gaya wa mai iza wuta ya ajiye itacen."

*

Tanderu ba ya mutuwa lokaci ɗaya. Kwana da kwanaki yana hucewa, rurin yana raguwa, tukwanen ciki suna fashewa ɗaya bayan ɗaya da ƙara kamar harbi, karnuka suna haushi. 'Yan sanda suka tafi da Baba Florian, bai kai ga shari'a ba, ƙirjinsa ya gama da shi a hanya. Imrich ya ce ba zai ƙara taɓa sandar nan ba. Kilian ya saro masa wata, ya raka shi har ƙarshen daji, don ba shi da tabbacin zai fita garin lafiya shi kaɗai.

Ba wanda ya ƙara gaida yayana. A coci benci guda ake bar masa. Na san bai yi laifi ba, tun a rumfar itace na sani, amma sanin bai sa tukunyata ta tafasa ba, kuma sai da shekara ta kewayo, muna wani gari Vendelin yana dakon gawayi, kafin in iya kiran sunansa ba tare da raina ya ɓaci ba.

Wata safiya, bayan ƙara ta ƙarshe, muka tashi muka ji garin tsit, irin shirun da ba mu taɓa ji ba tun haihuwa. An yi dusar ƙanƙara kafin gari ya waye. Mutane suka fito ɗaya-ɗaya suka tsaya a fili, ba mai magana, kowa ya ɗaga kai. Kilian yana can gefe shi kaɗai, hularsa a hannu. Rufin masana'anta ya yi fari fat, tun daga bututun hayaƙi har bakin indararo. Tsohuwar da ta fi kowa shekaru a Jedlina ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙanƙara ta kwana a kan rufin nan ba, uwarta ma ba ta gani ba, don zafin wutar ba ya barin ta. Sai ta juya ta shiga gida ta fara ɗaure kayanta.